Addu'ar da ba a amsa ba a Kiristanci

Addu'ar da ba a amsa ba, a cikin addinin Kirista, ita ce roƙon da mai bi ya kai gaban Allah da zuciya ɗaya amma bai ga biyan bukatarsa ba, ko dai abin ya yi jinkiri, ko ya zo ta wata fuska daban, ko kuma bai zo ba sam har ƙarshen rayuwarsa. Batun ya daɗe yana ɗaukar hankalin malaman tauhidi da fastoci da sauran masu bi, domin Littafi Mai Tsarki yana ɗauke da abubuwa biyu da suke kamar suna karo da juna: alkawura masu ƙarfi cewa Allah yana ba wanda ya roƙe shi, da kuma labaran bayinsa na kusa waɗanda suka roƙa aka hana su. Yawancin ɗariƙun Kirista ba su ɗauki rashin amsa a matsayin shaidar cewa Allah bai ji ba. Suna koyar da cewa mai bi ya dogara ga halin Allah kansa, ko ya samu abin da ya roƙa ko bai samu ba. Inda suka sha bamban shi ne dalilin hanin, musamman ko ya dace a ɗora laifin a kan wanda ya yi addu'ar.

Kalmomin da ake amfani da su

Kalmar addu'a an aro ta ne daga Larabci. A bakin Kiristoci masu jin Hausa ta haɗa yabo, godiya, furta zunubi, roƙo domin kai da roƙo domin wasu. Matsalar rashin amsa ta shafi ɓangaren roƙo ne kawai, tunda wanda ya yi godiya ba ya jiran a mayar masa da wani abu.

Bangaskiya, kalmar da fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa ta yi amfani da ita tun cikakken bugu na farko a 1932, haɗin "ban" ne da "gaskiya", wato ba da gaskiya, kamar yadda aka gina bankwana da bangirma. Kalmar Helenanci da take fassarawa, pistis, tana nufin yarda da magana, tana kuma nufin amincewa da mutum da riƙe amanarsa. Ta Ibrananci, emuna, tana ɗauke da ma'anar kahuwa da tsayuwa daram, kuma saiwarsu ɗaya da "amin". Wannan ma'ana ta biyu Hausa ta fi kama ta da kalmar dogara, irin yadda tsoho yake dogara sanda ya sa mata nauyinsa duka. Muhawarar da ake yi kan addu'ar da ba a amsa ba kusan duka tana juyawa ne a kan wannan bambanci: shin bangaskiya ita ce tabbacin cewa abin da aka roƙa zai samu, ko kuwa amincewa da wanda aka roƙa?

Haka kuma kalmar ji. A Ibrananci, shama ba ta tsaya ga kunne ba, ta haɗa da aikatawa. Hausa ma haka take, domin idan aka ce yaro ba ya ji, ba kurma ake nufi ba. Saboda haka in marubucin Zabura ya yi kukan cewa Allah bai ji shi ba, abin da yake nufi shi ne Allah bai ɗauki mataki ba.

Alkawuran amsa

A Matiyu 7:7-11 Yesu ya umarci almajiransa su roƙa, su nema, su ƙwanƙwasa, ya kuma kwatanta Allah da uban da ba zai ba ɗansa dutse ba in ya roƙi gurasa. Markus 11:24 ya fi wannan ƙarfi, domin ya haɗa samun abin da aka roƙa da gaskata cewa an riga an karɓa. Yahaya 14:13-14 ya yi alkawarin amsa ga roƙon da aka yi cikin sunan Yesu. Wasu ayoyin sun zo da sharaɗi a fili. 1 Yahaya 5:14 ya ce roƙon ya dace da nufin Allah, Yahaya 15:7 kuma ya rataya alkawarin a kan zaman mai bi cikin Almasihu. Akwai kuma misalai biyu a Luka, na mutumin da ya ta da abokinsa da tsakar dare yana neman gurasa da na gwauruwar da ta matsa wa azzalumin alƙali, waɗanda suke nuna cewa Yesu ya san za a yi jinkiri, shi ya sa ya koyar da naciya.

Waɗanda aka hana a Tsohon Alkawari

Musa ya ja ragamar Isra'ilawa shekara 40 a jeji, sannan ya roƙi Allah ya bar shi ya haye Kogin Urdun ya ga ƙasar alkawari. A Maimaitawar Shari'a 3:23-27 an hana shi, har aka umarce shi kada ya sake ta da maganar. Abin da aka yardar masa shi ne ya hau dutsen Fisga ya hango ƙasar daga nesa. Littafin Ƙidaya sura 20 ya danganta wannan hani da abin da ya faru a Meriba, inda ya bugi dutse maimakon ya yi masa magana.

Labarin Sarki Dawuda a 2 Sama'ila 12 ya fi shiga wa'azin makoki. Jaririn da Batsheba ta haifa masa ya kamu da ciwo, Dawuda ya yi azumi yana kwana a ƙasa, a rana ta bakwai yaron ya rasu. Fadawansa suka ji tsoron gaya masa, suna zaton zai yi wa kansa lahani. Da ya gane, sai ya tashi ya yi wanka, ya sauya tufafi, ya shiga ɗakin Ubangiji ya yi sujada, sannan ya nemi abinci. Ya bayyana musu cewa sa'ad da yaron yake da rai akwai sauran sa zuciya, yanzu kuwa azumi ba zai komo da shi ba.

Littafin Ayuba shi ne ya fi zurfafa batun. Ayuba ya rasa 'ya'yansa goma da dukiyarsa da lafiyarsa, ya kuma yi ta neman Allah ya fito ya gaya masa laifinsa. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, suka nace cewa lalle akwai wani zunubi a ɓoye, tunda a ganinsu Allah ba ya barin adali ya sha wuya haka kawai. Littafin yana da sura 42, amma sai a sura ta 38 Allah ya yi wa Ayuba magana daga cikin guguwa, kuma maganar tasa tambayoyi ce a kan halitta: tushen ƙasa, taurari, ruwan sama, namun daji. Har littafin ya ƙare ba a gaya wa Ayuba dalilin wahalarsa ba, ko da yake mai karatu ya san shi tun sura ta farko. A 42:7 kuwa Allah ya tsauta wa abokan cewa ba su faɗi gaskiya game da shi ba, ya kuma ba Ayuba gaskiya, shi da ya yi ta ƙorafi. Wannan aya tana cikin manyan hujjojin masu ƙin a zargi wanda addu'arsa ba ta samu amsa ba.

Kimanin kashi ɗaya cikin uku na Zabura 150 waƙoƙin kuka ne. Yawancinsu suna farawa da kuka, kamar Zabura 13 da take tambayar Allah har yaushe zai yi shiru, su ƙare da yabo. Zabura 88 ba ta juya zuwa yabo ba ko kaɗan, cikin duhu ta ƙare. Zabura 44 kukan al'umma ce da aka ci da yaƙi, wadda ta dage cewa ba ta karya alkawarinta da Allah ba. Annabi Habakuk ma da irin wannan ƙorafi ya buɗe littafinsa, amsar da ya samu kuwa ta fi shirun ɗaci, domin an gaya masa Kaldiyawa za su zo su murƙushe ƙasar. A ƙarshen littafin ya lissafa ɓaure da inabi da zaitun da gonaki da garkuna, ya ce ko dukansu sun lalace zai yi murna da Allah. A Daniyel 3, Shadrak da Meshak da Abednego sun gaya wa Sarki Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu daga tanderun wuta, amma ko bai cece su ba ba za su yi wa gunkinsa sujada ba. A labarin an cece su, sai dai abin da masu wa'azi suka fi riƙewa shi ne sun yanke shawararsu tun ba su san ƙarshen al'amarin ba.

A Sabon Alkawari

Misali mafi nauyi ga Kiristoci shi ne na Yesu kansa. A daren da aka kama shi, a lambun Getsamani, ya roƙi Uba ya ɗauke masa ƙoƙon wahalar da ke gabansa, ya kuma miƙa nufinsa ga nufin Uban. Matiyu 26 ya ce sau uku ya yi wannan roƙo. Markus ya adana kalmar Aramaik da ya kira Allah da ita, Abba, wato baba. Ba a ɗauke ƙoƙon ba, kashegari aka gicciye shi, kuma Matiyu da Markus sun ruwaito cewa a kan gicciye ya ɗaga murya da farkon Zabura 22, wadda kukan wanda yake jin Allah ya yashe shi ne. Duk da haka Ibraniyawa 5:7 ya ce an ji addu'arsa. Masu fassara da yawa suna fahimtar wannan da cewa amsar ta zo ta tashinsa daga matattu, bayan mutuwar da ya roƙa a tsare shi daga gare ta. Wannan addu'a ta shiga har cikin muhawarar tauhidi: majalisar ikilisiya ta uku da aka yi a Kustantiniya a 680 zuwa 681 ta tabbatar da cewa Almasihu yana da nufi biyu, na Allahntaka da na ɗan Adam, kuma labarin Getsamani yana cikin manyan hujjojin masu wannan ra'ayi.

Manzo Bulus a 2 Korantiyawa 12:7-10 ya yi maganar wani abu da ya kira ƙaya a jikinsa. Kalmar Helenancin, skolops, tana iya nufin ƙaya ko tsinin itace. Masana sun kawo ciwon ido, zazzaɓin cizon sauro, farfaɗiya, ko abokan gāba da suka addabe shi. Sau uku ya roƙa a cire masa, aka amsa masa cewa alherin da aka ba shi ya wadatar, kuma cikin rauni ne ikon Allah yake cika. Bulus ɗin da Ayyukan Manzanni ya ce an warkar da marasa lafiya ta hannunsa, shi ne kuma ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas ba lafiya a Militas, ya kuma ba Timoti shawarar abin da zai riƙa sha saboda ciwon cikinsa.

Ayyukan Manzanni 12 ya jera labarai biyu a wuri ɗaya. Sarki Hirudus Agaribas ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi, sannan ya kulle Bitrus. Ikilisiya ta yi ta addu'a, mala'ika ya fitar da Bitrus da dare. Littafin bai ba da dalilin da ya sa ɗaya ya tsira ɗaya ya mutu ba. Abin lura kuma shi ne, da Bitrus ya zo ƙofar gidan da ake yi masa addu'a, masu addu'ar ba su yarda da baranya Roda da ta kawo labarin ba, har suka ce ta ruɗe. Ke nan amsar ba ta jira cikar tabbacinsu ba.

Labarin Li'azaru a Yahaya 11 shi ake kawowa a kan jinkiri, domin Yesu ya ƙara kwana biyu a inda yake bayan an aiko masa, bai iso ba sai da mamacin ya kwana huɗu a kabari. Ibraniyawa 11 kuwa, bayan ta lissafa waɗanda suka ci nasara ta bangaskiya, ta ci gaba da waɗanda aka jefe, aka daure, aka kashe, ta ce dukansu an yaba bangaskiyarsu alhali ba su karɓi abin da aka yi alkawari ba.

Bayanin malaman ikilisiya

Agustin (354-430), bishop na Hippo, garin da yake Annaba a Aljeriya ta yau, ya ba da labarin mahaifiyarsa Monika a littafinsa na furci. A 383 ya yi niyyar barin Kartaj zuwa Roma. Monika tana tsoron zai ƙara nisa da bangaskiya, sai ta bi shi har bakin teku tana roƙon Allah kada ya tafi. Ya yaudare ta, ya shiga jirgin ruwa da dare ya bar ta tana kuka. A Italiya ɗin ne ya ji wa'azin Ambros na Milan, ya tuba a 386, aka yi masa baftisma a 387. Agustin ya fassara abin da cewa Allah ya hana ta roƙon wannan dare domin ya ba ta abin da ta yi shekaru tana nema. A wasiƙar da ya rubuta wajen shekarar 412 zuwa ga Proba, wata gwauruwa mai arziki da ta gudo daga Roma bayan an washe birnin a 410, ya juya maganar ta ɗaya fuskar. Ya tuna mata cewa an biya wa Shaiɗan bukatarsa a kan Ayuba, an kuma yardar wa aljannu su shiga garken aladu, alhali an hana Bulus. Saboda haka, a ganinsa, samun abin da aka roƙa ba kullum yake nuna yardar Allah ba, haka nan hani ba kullum yake nuna fushinsa ba.

Toma Akwinas (1225-1274) ya koyar da cewa addu'a ba ta sauya shirin Allah, sai dai Allah ya shirya wasu abubuwa su samu ta hanyarta. Ya kawo sharuɗa huɗu da in suka cika ba a mayar da roƙo: mutum ya roƙa wa kansa, abin ya zama wajibi ga cetonsa, ya roƙa da tsoron Allah, ya kuma nace. Lafiya da dukiya ba su shiga cikin wannan tabbaci ba.

Martin Luther (1483-1546) ya yi rubutu da yawa a kan Allah mai ɓoye kansa da kuma lokutan da mai bi yake jin kamar Allah ya zama abokin gābarsa. A Satumba 1542 'yarsa Magdalena ta rasu tana da shekara 13. A wasiƙarsa ga abokinsa Justus Jonas ya ce ya san ya kamata shi da matarsa su gode wa Allah, amma ƙaunar iyaye ta fi ƙarfinsu, ba sa iya yi ba tare da kuka ba. John Calvin (1509-1564), a dogon babin da ya keɓe wa addu'a a babban littafinsa na koyarwar Kirista, ya gargaɗi masu bi kada su ƙayyade wa Allah lokaci ko wuri ko hanyar da zai amsa.

A ɓangaren masu zuhudu na Katolika an fi maganar shirun Allah fiye da hanin wata bukata. Yahaya na Gicciye (1542-1591), ɗan Sifen wanda 'yan'uwansa na zuhudu suka tsare wata tara a Toledo, ya kira wannan hali duhun dare na rai, ya ce ta haka ake yaye mai bi daga dogara ga daɗin da yake ji a ibada. Wasiƙun Mother Teresa (1910-1997) da aka buga a 2007 sun nuna cewa ta yi kusan shekara 50 tana jin Allah ya yi mata nisa, alhali tana ci gaba da addu'a da hidimar matalauta a Kalkata.

C. S. Lewis (1898-1963) yana da shekara tara mahaifiyarsa ta rasu da ciwon daji a 1908, bayan ya yi ta addu'a ta warke. A 1953 ya gabatar wa limaman coci a Oxford wata maƙala inda ya ce Sabon Alkawari ya ba da salon roƙo biyu, na Getsamani mai barin zaɓi ga Allah da na Markus 11 mai neman cikakken tabbaci, ya kuma faɗa a fili cewa ya kasa haɗa su. Bayan rasuwar matarsa Joy Davidman a 1960 ya fitar da littafin A Grief Observed a 1961 da sunan aro, inda ya kwatanta addu'a cikin makoki da zuwa ƙofar da aka rufe daga ciki.

Dalilan da ake bayarwa

A wa'azin yau da kullum an saba cewa Allah yana amsawa ta hanya uku: i, a'a, ko jira. Bayanin yana da saukin riƙewa, amma masu suka suna ganin ya yi wa matsalar kwaskwarima ne kawai, domin uwar da ɗanta ya rasu ba za ta samu sauƙi don an sa wa abin da ya same ta suna amsa ba.

Littafi Mai Tsarki ya ambaci abubuwan da suke iya tare addu'a daga wajen mai roƙo. Yakubu 4:3 ya ambaci mugun nufi, Yakubu 1:6-7 shakka, Ishaya 1:15 zalunci da zub da jini, 1 Bitrus 3:7 wulaƙanta mata a gida. Akwai kuma roƙon da hana shi jinƙai ne: Iliya da Yunusa sun roƙi mutuwa, Yakubu da Yahaya sun so a saukar da wuta a kan wani ƙauyen Samariyawa. Sai dai malamai da dama suna jan kunne cewa ba a juya wannan lissafi baya. Cewa zunubi yana iya tare addu'a bai nuna duk wanda aka hana mai zunubi ne na musamman ba. A Yahaya 9 Yesu ya ƙi yarda cewa makantar wani mutum ta fito daga laifinsa ko na iyayensa.

Koyarwar wadata da masu sukarta

A ƙarni na 20 wata koyarwa ta bazu daga Amurka, wadda ake danganta ta da masu wa'azi irin su Kenneth Hagin (1917-2003), cewa lafiya da wadata haƙƙin kowane mai bi ne, ana karɓarsu ta bangaskiya da furci na baki. A Najeriya Benson Idahosa (1938-1998) na birnin Benin yana cikin waɗanda suka fara yaɗa ta. A wannan fahimta, in ba a samu amsa ba, matsalar tana wajen mai roƙo: ƙarancin bangaskiya, zunubi, rashin bayarwa, ko hanin miyagun ruhohi. Ana yawan kawo Daniyel 10, inda aka tare mala'ikan da ya ɗauko amsa har kwana 21, a matsayin dalilin dogon azumi da addu'ar dare har wayewar gari. Magoya bayanta suna cewa tana hana mutum sallamawa ga talauci da ciwo, tana kuma ɗaukar alkawuran Yesu da gaske.

Masu suka, har daga cikin 'yan Fentikos kamar masanin Sabon Alkawari Gordon Fee, suna cewa koyarwar tana ɗora wa mai wahala kaya biyu, ciwonsa da kuma zargin cewa shi ya jawo. Malaman tauhidi na Afirka da suka taru a Akropong ta ƙasar Gana a 2008 da 2009 a ƙarƙashin ƙungiyar Lausanne sun fitar da sanarwa wadda ta amince cewa Allah yana yin al'ajibai, amma ta ƙi ra'ayin cewa ana iya tilasta ikonsa da wata dabara, ko cewa ciwo da talauci kullum alamar rashin bangaskiya ne. Joni Eareckson Tada, Ba'amurkiya da jikinta ya shanye daga kafaɗa zuwa ƙasa bayan haɗarin iyo a 1967 tana da shekara 17, ta halarci tarurrukan warkarwa ba ta warke ba. A 1979 ta kafa ƙungiyar hidima ga naƙasassu, kuma rubuce-rubucenta suna cikin waɗanda aka fi karantawa a kan wannan batu.

Gwajin kimiyya

Francis Galton a 1872 ya duba tsawon rayuwar gidan sarautar Ingila, waɗanda ake yi wa addu'a a coci kowane mako, ya ga ba su fi sauran masu hali daɗewa ba. Babban gwaji na zamani shi ne wanda Herbert Benson ya jagoranta aka buga a 2006, a kan mutum 1,802 da aka yi wa tiyatar jijiyoyin zuciya a asibitoci shida na Amurka. Cikin waɗanda ba su san ko ana yi musu addu'a ba, kashi 52 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa sun samu matsala bayan tiyata, sai kashi 51 na waɗanda ba a yi wa ba. Waɗanda aka tabbatar musu ana yi musu addu'a kuwa, kashi 59 ne. Masu shakkar addini suna ɗaukar wannan hujja cewa addu'a ba ta aiki, kuma suna cewa koyarwar da take lissafa samu da rashi duka a matsayin amsa babu yadda za a ƙaryata ta. Malaman tauhidi da yawa suna mayar da martani cewa roƙo ba magani ba ne da za a auna, tunda wanda ake roƙo yana da zaɓi, kuma ba a iya hana dangi da abokai yi wa rukunin da aka ware addu'a.

Kuka a cikin ibada

Masanin Tsohon Alkawari Walter Brueggemann ya yi gargaɗi a wata maƙala ta 1986 cewa ikilisiyar da ta daina rera Zaburar kuka tana koya wa mutanenta su ɓoye abin da yake zuciyarsu a gaban Allah. A wannan fahimta ƙorafi yana cikin dogara, domin mai kuka bai daina magana da Allah ba. Fastoci masu ba da shawara sukan ƙarfafa wanda yake cikin wannan hali ya ci gaba da addu'a ko da ta Zabura ce kawai, ya bar jama'ar ikilisiya su ɗauke masa wani nauyin, su kuma masu ziyara su rage kawo dalilai. Ana yawan karanta Romawa 8:26, wadda ta ce Ruhu Mai Tsarki yana roƙo a madadin mai bi sa'ad da bai san abin da zai roƙa ba.

A arewa maso gabashin Najeriya

Rikicin Boko Haram, wanda ya hallaka Musulmi da Kirista, ya sa wannan tambaya ta zama ta kullum a majami'un yankin, inda da yawa ake ibada da Hausa. A daren 14 ga Afrilu 2014 aka sace ɗalibai mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok a jihar Borno, yawancinsu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, wato EYN. A Oktoba na shekarar kuma mayaƙan suka mamaye hedkwatar ikilisiyar a Kwarhi kusa da Mubi. An yi azumi da addu'a a ciki da wajen ƙasar. 'Yan mata 57 sun kuɓuta tun farko, aka saki 21 a Oktoba 2016 da 82 a Mayu 2017, amma bayan shekara goma akwai gommai da ba su koma gida ba, kuma wasu iyayen sun rasu suna jira. Iyayen da 'ya'yansu suka dawo da waɗanda nasu ba su dawo ba, majami'u ɗaya suke zuwa, roƙo ɗaya kuma suka yi. Haka aka yi ta addu'a domin Leah Sharibu, wadda aka sace a Dapchi ta jihar Yobe a Fabrairu 2018 tana da shekara 14, aka ci gaba da riƙe ta bayan an saki 'yan makarantarsu a Maris.

A farkon Janairu 2020 aka sace Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a ƙaramar hukumar Michika ta jihar Adamawa. A bidiyon da masu garkuwa da shi suka fitar ya nemi a taimaka a sake shi, ya ce bai karaya ba domin komai yana hannun Allah, yana sa zuciya zai koma wurin matarsa da 'ya'yansa, in kuma hakan bai yiwu ba wataƙila nufin Allah ke nan. Ya roƙi iyalinsa da abokan aikinsa su yi haƙuri, kada su yi kuka. Majami'u sun yi makonni suna addu'ar a sake shi. An kashe shi ranar 20 ga Janairu 2020.